Arzikin Agadem da huhun ma'aikaci

A wannan sati filinmu zai leƙa wani lungu da ba a cika tada zancensa ba in ana maganar arzikin man fetur, wato numfashin bayin Allah da ke haƙo shi, suna tace shi, suna dakonsa.

Tun watan Nuwamba na 2011 da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20.000 kowace rana, ƙasarmu ta shiga sahun masu mai. A 2024 kuma ɗanyen man Agadem ya fara bin bututu na kusan kilomita 2.000 zuwa gaɓar teku a Seme, ƙasar Benin. Kowa na lissafin abin da zai shiga baitulmali, amma mutum nawa ne ke tambayar abin da ke shiga huhun yaron da aka tura cikin tanki ya wanke shi?

Abokan gaban huhu a wannan sana'a uku ne. Na farko iskar da masana ke kira H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ake samu a wasu rijiyoyi, da matatu, da dagwalon gindin tankuna. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka takan kwanta cikin ramuka. Makircinta shi ne in ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya zaci ta wuce, alhali lokacin ne ta fi haɗari. A watan Disamba na 2003 wata rijiyar gas ta ɓalle a yankin Chongqing na ƙasar Sin, wannan iska ta hallaka mutum 243, akasarinsu mazauna ƙauyukan kewaye. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Na biyu tururin fetur, wanda ke ɗauke da sinadarin banzen. Shi sannu a hankali yake ɓarnarsa, shekara da shekaru yana cin ɓargo, kuma likitoci sun tabbatar yana haddasa sankarar jini. Na uku ƙarancin iskar oksijin. A fili tana kai kashi 21 cikin 100, amma a cikin tankin da ya daɗe a rufe takan ragu har mutum ya yanke jiki ya faɗi ba tare da ya yi ko tari ba. Sau da yawa wanda ya faɗa ciki don ceton ɗan'uwansa shi ma can yake zama.

To mene ne magani? Kowane haɗari da irin takunkuminsa. Ƙyallen rufe hanci da muka saba da shi lokacin korona, ko rawanin da muke ja wa baki in hazo ya taso, ba su tare ko ɗaya daga cikin ukun nan. Akwai takunkumin roba mai gwangwanin tace iska, kuma a tsarin Turai launin gwangwanin ke faɗin aikinsa: ruwan ƙasa na tururin fetur da danginsa, ruwan toka na irin su H2S, fari na ƙura. Sai dai gwangwani tacewa kawai yake yi, ba ya ƙara oksijin. Inda oksijin ya gaza kashi 19,5, ko gubar ta yi yawa, ko ba a san yawanta ba, dole sai takunkumi mai tulun iska da ake goyawa a baya, ko mai doguwar tiyo da ke kawo iska daga waje. Kafin kowa ya shiga tanki a auna iskar ciki da na'ura, a kuma tsayar da mai tsaro a bakin ƙofa.

Akwai wata magana da wasu ke jin nauyin faɗi: gemu yana hana takunkumin roba kama fuska, guba ta sulale ta gefe. Wannan ba dalilin korar mai gemu ba ne, tunda akwai hular da ke rufe kai baki ɗaya, wadda injin ke hura wa tatacciyar iska. Tsada ce kawai ke sa a yi kamar ba a san da ita ba.

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai masu shigo da waɗannan kaya, ku tuna araha ba ta ado. Kowane gwangwani yana da ranar ƙarewar aikinsa a rubuce a jikinsa, kuma da zarar an ɓare shi ya fara tsufa. Wanda ya sayar da na jabu ko wanda ya wuce lokaci, likkafani ya sayar. Masu manyan motocin dakon mai, kada ku tura yaran mota cikin tanki da tsumma a hanci. Ƴan ruwa-ruwa masu zuƙo isansi da baki ta tiyo, ku sani ɗigon da ya kuskure ya faɗa huhu yana iya kwantar da mutum asibiti.

Su kuma ma'aikatan gwamnati, dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikacinsa. Ya kamata sufetocin ƙwadago su riƙa zuwa da ƙafarsu, su ɗauki takunkumin su duba, su tambayi ma'aikaci ko an koya masa sa shi. Diyyar da asusun CNSS ke biya tana share hawaye, amma ba ta mayar wa marayu ubansu.

Mu daina cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa alhali takunkumi yana rataye a ƙusa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.