Wasiƙa a Buɗe ga Teloli kan Zaɓen Kayan Yankan Yadi Mai Kauri

Zuwa ga teloli da masu koyon ɗinki.

Yadi mai kauri, irin su jins, kaki, ulu, tamfol, saƙi da yadin kujera, yawanci a teburin yanka yake lalacewa tun bai kai ga keke ba. Almakashin da ke ratsa atamfa cikin sauƙi, idan ya haɗu da jins ninki biyu sai ya riƙa taunarsa, ninkin ƙasa ya zame, yanka ya kauce wa layin alli. Ɗinki komai kyawunsa ba ya gyara wannan ɓarna.

Abu na farko wajen zaɓen almakashi shi ne tsawo. Almakashi mai inci 8 ya wadatar ga yadi mara nauyi, amma mai kauri yana buƙatar inci 10 zuwa 12, domin dogon baki yana rage yawan buɗewa da rufewa, layi ya fita santal. Sai kuma mariƙi. Wanda aka lanƙwasa sama shi ne na tela, saboda bakin ƙasa yana tafiya a kwance kan tebur ba tare da an ɗaga yadin ba. Nauyin almakashin ba aibi ba ne, tunda tebur ne ke ɗauke da shi. Bahago kuwa ya nemi na hagu na ainihi, wanda aka juya bakunansa, ba mariƙi kaɗai ba.

Ƙarfe shi ne inda ake yawan ruɗuwa, domin ƙyalli ba shaidar inganci ba ne. Ƙarfe mai yawan sinadarin kabon yana riƙe kaifi kuma yana karɓar washi, sai dai yana tsatsa da damina idan ba a shafa masa man keke. Wanda ba ya tsatsa ya fi sauƙin kulawa, amma mai arha daga cikinsa kan dushe da wuri. Garuruwan Shafil na Ingila da Solingen na Jamus sun daɗe da suna a wannan sana'a, haka ma kamfanin Kai na Japan. Duk da haka, sunan da aka buga a jikin ƙarfe ba hujja ba ce a kasuwar da jabu ya yi yawa. Hujja ita ce gwaji: tela ya tafi da ƙyallen jins, ya ninka huɗu, ya yanka tun daga gindin baki har tsini. A tsini ne almakashi mara kyau ke tona kansa, yadin ya lanƙwashe tsakanin bakuna biyu. Tela ya kuma duba mahaɗa. Mai noti ya fi wanda aka dunƙule da ƙusa, domin ana iya ɗaure shi idan ya saki, a kwance shi lokacin washi.

Akwai wuƙa mai zagaye da kamfanin Olfa ya fito da ita a 1979. Mai milimita 60 tana da amfani wajen miƙaƙƙen layi, amma dole sai da shimfiɗarta ta musamman. Masu ɗinkin yunifom da yawa su ne ke buƙatar injin yanka na lantarki, kuma bai kamata a kunna shi ba sai da safar hannu ta ƙarfe.

Almakashin yadi ba ya yankan takarda, kwali ko zif, domin takarda na ɗauke da ma'adinan da ke cin kaifi. Wajen washi, gefen baki kaɗai ake gogawa. Idan aka ci fuskar ciki, bakunan sun daina haɗuwa ke nan.

Kira ga iyayen gida masu shaguna shi ne su ware almakashi guda domin yadi mai kauri kaɗai, su kuma koya wa yaransu gwajin tsini tun kafin su ba su yadin mutane.