Ba Kowane Ƙugin Ciki Ke Bukatar Ƙwaya Ba

Wata mata mai sayar da ƙosai ta zo wurina a ɗakin shan magani da leda cike da takardun ƙwayoyin da ta shanye. Ta ɗora hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu, ta ce, "Malama, akwai wani abu a nan. Yana motsi, yana kuka kamar kwaɗo. Ko maigidana yana jin kukansa da dare." Shekara biyu ke nan cikinta na kumbura bayan cin abinci, yana murɗa, wata rana bayan gida ya yi tauri, wata rana zawo. Ta sha Flagyl har ta manta sau nawa. Ta sha maganin tsutsa, an yi mata allurar taifot, ta sha filasko har ta galabaita. Surukarta kuma ta ce sammu ne aka ba ta a abinci.

Na duba ta. Awon bayan gida bai nuna komi ba, jininta da kyau, nauyinta bai ragu ba. Layi ya yi tsawo a ranar, sai na ce mata, "Ba komi, Hajiya, iska ce kawai." Ta tattara ledarta ta tafi. Bayan wata huɗu ta dawo, ta sayar da akuyarta ta kai kuɗin wurin mai cire sammu. Laifina ne. Mutumin da ciwo ke hana shi barci, in ka ce masa ba komi, zai nemi wanda zai ce masa akwai wani abu.

Ra'ayina shi ne wannan. Mai irin wannan ciwo ya zo a duba shi sau ɗaya da kyau. In an tabbata babu wata cuta mai haɗari, ya daina zuba wa cikinsa ƙwayoyi da maganin wankin ciki, ya koyi halin hanjinsa. Mu ma'aikatan lafiya kuma mu zauna mu yi masa bayani, ko da layi ya yi tsawo.

Me ke kuka a ƙarƙashin haƙarƙari?

Babban hanji ya kai kamar mita 1 da rabi. Yana tashi daga ƙasan ciki ta gefen dama, ya hau har ƙarƙashin hanta, ya ratsa zuwa hagu, sa'an nan ya yi lanƙwasa mai tsanani a ƙarƙashin saifa kafin ya gangara. Wannan lanƙwasar ta hagu tana can sama, a bayan haƙarƙari. Iska kuwa sama take nema. In ta taru a wurin, sai a ji cikewa da suka, wani lokaci har zuwa ƙirji ko kafaɗar hagu. Shi ya sa wasu ke tsoron ciwon zuciya ne. Ƙugin kuma ƙarar ruwa ce da iska yayin da hanji ke matsa su su wuce, kamar yadda gora ke yi in ana tsiyaye ruwa daga cikinta. Babu kwaɗo a ciki, babu maciji.

Iskar tana zuwa ta hanya biyu. Akwai wadda muke haɗiyewa in muna ci da sauri, ko muna shan lemon kwalba, ko muna tauna cingam. Akwai kuma wadda ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a babban hanji suke samarwa in sun sami abincin da bai narke ba a ƙaramin hanji. Kowa yana da ita. Mai lafiya yakan fitar da iska sau 10 zuwa 20 a rana.

To, me ya sa wani ke shan wahala, wani kuwa ko a jikinsa? Akwai mutanen da hanjinsu ke da saurin jin ciwo. Iskar da wani ba zai ma san da ita ba, su tana sa su riƙe ciki. Motsin hanjinsu kuma ba ya tafiya daidai, yau sauri, gobe nawa. Likitocinmu kan rubuta wannan a takardar asibiti da Faransanci, kolopati. Ni ina ce wa marasa lafiya rikicin hanji. Ƙa'idar da likitocin ciki suka fitar a 2016 ta ce ana zaton sa in ciwon ciki na zuwa aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata 3 na baya, ya kuma faro tun wata 6 ko fiye, yana kuma tare da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: alaƙa da zuwa bayan gida, sauyin yawansa, ko sauyin kamanninsa. Ya fi kama mata. Wasu yana fara musu ne bayan sun warke daga zawo mai tsanani ko atuni. Ciwon gaskiya ne, yana ɗaukar shekaru yana zuwa yana tafiya, amma ba ya huda hanji, ba ya kuma komawa ciwon daji.

Abin da ya sa nake hana shan ƙwaya barkatai

Za ku ce mini, "Ai na sha Flagyl na ji sauƙi." Na yarda kun ji. Amma ciwon da ke zuwa yana tafiya da kansa, duk abin da aka sha a ranar da zai lafa shi ake yaba wa. In maganin ya kashe cutar da gaske, me ya sa ake sake sayensa kowane wata? Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa bambanta mugu da nagari, suna kashe masu amfanin da ke hanji, su bar ɗaci a baki da tashin zuciya. Ranar da za a bukace su da gaske kuma, mai yiwuwa ba za su yi aiki ba.

Haka awon Widal na taifot. Yakan nuna alamar cutar ga mutumin da ba ya ɗauke da ita. Taifot zazzaɓi ne mai zafi na kwanaki da makonni. Wanda ya shekara biyu da kumburin ciki ba tare da zazzaɓi ba, ba taifot ke damun sa ba.

Filasko da sauran magungunan wankin ciki suna sa hanji ya murɗa da ƙarfi, ga shi kuwa hanjin dama mai saurin jin ciwo ne. Kanwa in ta haɗu da ruwan tsamin tumbi tana haifar da wata iskar, a yi gyatsa a ce an sami sauƙi. Mai hawan jini kuma kanwa tana cutar da shi.

Ban ce kada a auna ba. A ƙasashenmu tsutsar ciki, da amiba, da tsargiya, da tarin fuka na ciki, da ciwon hanta duk suna nan, kuma suna iya kama da rikicin hanji. Don haka ake fara awon bayan gida da na jini. In an ga cuta, a sha maganinta yadda likita ya rubuta, a gama.

Alamomin da ba a jira da su

Ku zo asibiti ba tare da ɓata lokaci ba in akwai ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.
2. Ramewa ba dalili, ko ƙarancin jini.
3. Zazzaɓi, ko zufa mai yawa da dare.
4. Zawon da ke tashe ku daga barci.
5. Ƙullutu a ciki, ko idanu sun yi rawaya.
6. Ciwon ya fara ne bayan an haura shekara 50.
7. Ciwon ƙirji tare da zufa da ƙarancin numfashi.

Akwai wadda ta fi duka gaggawa. In ciki ya kumbura kamar ganga, ana amai, bayan gida ba ya fita, iska ma ba ta fita, hanji ne ya toshe ko ya murɗe. Kada a ba da filasko, kada a jira gari ya waye. A nufi asibitin da ake tiyata.

Abin da za ku yi a gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Babu jerin abincin da ya dace da kowa, sai kun lura da naku cikin. Waɗanda suka fi tayar da iska su ne wake, albasa, tafarnuwa, kabeji, burodi da taliya, mangwaro, kankana, zuma da madara. Masu bincike na Jami'ar Monash a Ostareliya sun nuna cewa rage irin waɗannan na ɗan lokaci yana sauƙaƙa wa mutane da yawa. Game da madara, Fulani da yawa suna narkar da ita lafiya har tsufa, amma yawancin sauran manya a yankinmu ba sa iyawa sosai. Kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi a ciki.

Ku bar abu ɗaya na mako biyu ku gani. In babu bambanci, ku koma cinsa, ku gwada wani. Kada ku bar duka a lokaci guda. Na ga waɗanda tsoro ya sa suka koma kunu kaɗai har suka rame. Wake abinci ne mai gina jiki, kuma shi ne naman talaka. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi laushi, a ci kaɗan. Tuwon shinkafa, da na gero, da na dawa yawanci suna zama lafiya.

Ku ci a hankali, ku tauna sosai, kada ku yini da yunwa sa'an nan ku cika ciki da dare. Ku sha ruwa isasshe. Ku rage goro da kofi da shayi mai kauri in kun ga suna tayar muku da hanji. Bayan cin abinci ku ɗan yi tattaki. In iska ta maƙale, ku kwanta ku jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ko ku shafa ciki a hankali daga ƙasan dama zuwa sama, ku ratsa zuwa hagu, ku gangara, wato yadda hanjin ya bi. Tsumma mai ɗumi da shayin na'ana'a suna taimaka wa wasu. In bayan gida ya matsa ku, kada ku riƙe. In murɗar ta yi yawa, akwai maganin sassauta hanji da likita zai iya rubutawa.

Sai damuwa. Hanji da ƙwaƙwalwa suna haɗe da jijiyoyi, shi ya sa mai fargaba ke jin zawo. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma cikin da aka cusa wa bashi da rigimar gida da rashin barci yakan yi kuka. Ku sami wanda za ku faɗa wa abin da ke ranku.

Da matar nan ta dawo, na ɗauki biro na zana mata hanji a bayan takardarta, na nuna mata lanƙwasar. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Ashe hanya ce kawai, Malama." Muka gano tana karya kumallo da ragowar ƙosai da albasa a tsaye bakin kasko, ba ta sake cin komi sai dare. Ta gyara wannan. Har yanzu cikinta yana ƙugi wasu ranaku, musamman in kuɗin makarantar ƴaƴa ya matso, amma ta daina sayen ƙwayoyi, tana kuma tara kuɗin wata akuyar.

In kun zo wurinmu aka ce muku ba komi, kada ku tashi. Ku ce a bayyana muku abin da ke kukan.