A Zaɓi Ɗan Wasan Da Ba Ya Fashi

Daga Wakilinmu na Arewa, Manchok

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, wasan nan na haɗa ƙungiyar ƙwallo a waya, wato Fantasy Premier League, ya kama samarin Manchok da Kafanchan kamar yadda ya kama ku. Ana bai wa mutum fam miliyan 100 na wasa ya sayi 'yan ƙwallo 15, kada ya wuce uku daga kulob guda.

Abin da nake gani a gidajen kallo shi ne gaggawa. Yaro ya ci ƙwallo uku ran Asabar, kafin Litinin kowa ya saye shi, har a ba shi kyaftin don makinsa ya ninka. Mako mai zuwa sai ga shi a benci. Ga kuma maki huɗu da ake yankewa kan kowane canjin da ya wuce na kyauta.

Ni dai a ganina, wanda ke buga minti 90 kowane mako ya fi mai walƙiya sau ɗaya. Mohamed Salah ya tara maki 303 a kakar 2017/18 saboda da wuya ya yi fashi. Amma shi ma kada a jingina masa komai: a Janairun 2024 ya tafi gasar Afirka a Kwaddebuwa, ya ji rauni a wasan Gana. Manoman Kudancin Kaduna da suka shuka citta zalla a 2023, cuta ta cinye ta, sun san irin wannan asara. Mai 'yan Afirka da yawa a ƙungiyarsa ya tanadi benci mai bugawa tun kafin gasar ta zo.