FILIN KIMIYYA: Hasken da ke sauya hannu cikin ganyen hatsi

Duk buhun hatsin da ke shiga kasuwar Maraɗi, asalinsa hasken rana ne da ya faɗa bisa ganye. Amma tsakanin faɗowar hasken da cikar zangarniya akwai wani miƙe-miƙe na gaggawa wanda ido ba ya gani.

Abin da ke sa ganye kore shi ne sinadarin kulorofil. In ƙwayarsa guda ta haɗiye haske, sai elektaron ɗaya ya zabura ya hau mataki na sama, amma juyinsa na nan yadda yake, kishiyar na abokin zamansa. Wannan hali shi masana ke kira sangile, kuma ba ya jimawa. Cikin ƴan nanosakan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na sakan) ƙarfin zai salwanta, ya koma zafi ko ɗan jan haske. Tilas a miƙa shi gaba kafin nan.

A 1932, Emerson da Arnold sun gano a Amurka cewa ana bukatar ƙwayoyin kulorofil wajen 2500 a bayan kowace ƙwayar iskar oksijan da tsiro ya fitar. Ashe mafi yawansu ƴan dako ne: su cafe haske, su miƙa wa na kusa, har ya isa cibiyar da ke sarrafa shi.

To, ta yaya ake miƙawar? Ba wai ta farko ke fitar da haske ta biyu ta haɗiye ba. Lamarin ya fi kama da tsirkiya biyu da aka ɗaure murya ɗaya: a taɓa wannan, waccan ta ɗauki rawa. Bafaranshe Jean Perrin da ɗansa Francis ne suka fara bin wannan sawu, sai dai lissafinsu ya ba da tazara mai yawa ƙwarai. Bajamushe Theodor Förster ya daidaita shi a 1946 da 1948. Sharuɗɗansa: launin da mai bayarwa zai iya fitarwa ya dace da wanda mai karɓa ke sha, su fuskanci juna yadda ya kamata, tazararsu kuwa kada ta wuce nanomitir 1 zuwa 10. Nan ne tsananin yake: in aka ninka tazarar sau biyu, saurin miƙawa ya ragu sau 64. A wasu sassan ganye ma ƙwayoyin sun matsu da juna har ƙarfin kan zama na tarayya, lissafin Förster kaɗai bai wadatar ba.

Wannan tsanani shi ya zama riba. A 1967, Stryer da Haugland sun nuna ana iya maida shi ma'aunin tazarar da madubin likita bai kai gare ta ba.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi gwajin PCR kafin hawa jirgi a 2020 ko 2021 ya ci moriyarsa bai sani ba. Cikin yawancin gwajin akwai wani ɗan zare mai rini biyu, ɗaya mai haske, ɗaya mai karɓe ƙarfinsa. In ƙwayar cutar na nan, zaren ya tsinke, rinin biyu su rabu, haske ya fito, na'ura ta gani. In ba ta nan, kwalbar ta tsaya da duhunta, matafiyi ya karɓi takardarsa.