Ragon Layya Da Zangon Karatu: Magana Kan 'Ya'yanmu Na Bronx



Cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawowa zauren mai gida a shekarun nan, akwai wani iri da kakanninmu ba su san shi ba. Uba ne ko uwa za su zo su ce ɗansu da ke Amurka ya juya musu baya: azumi ya kama bai aiko da na sukari ba, Sallah ta zo bai aiko da na ɗinki ba, in an buga masa waya sai ya ce yana aji. Mu da aikinmu shi ne riƙe alƙalami a zauren, mu rubuta abin da aka faɗa, kuma sau da yawa mu nemo yaron a waya domin a ji ta bakinsa, mun lura cewa ƙorafin nan yana da lokacinsa. Yakan yi yawa ne tsakanin Fabrairu da Mayu. Dalilin haka muke so mu warware a nan, domin a ganinmu ana ɗora wa yara da dama laifin da ba nasu ba ne.

Kowa ya san cewa daga Nima da Mamobi a Ankara, zuwa Aboabo da Sabon Zango a Kumasi, da wuya a sami layin da ba shi da ɗa ko 'ya a unguwar Bronx ta birnin New York. Da yawansu cacar biza ce ta kai su, wasu aure, wasu kuma iyaye ne suka ɗauke su. Galibi sukan fara ne da tuƙin tasi, ko kai saƙo, ko jinyar tsofaffi a gidaje. Masu hangen nesa daga cikinsu sukan kai takardar WASSCE su yi rajista a ɗaya daga cikin kwalejojin al'umma biyu da ke unguwar: Bronx Community College, wadda aka kafa a 1957, da Hostos Community College, wadda aka kafa a 1968. Dukansu rassa ne na babbar jami'ar birnin, wato CUNY. Karatun shekara biyu ake yi a cikinsu, a fita da takardar da ake neman aiki da ita, ko a wuce da ita zuwa kwaleji mai shekara huɗu irin Lehman da ke nan Bronx ɗin. Ana koyon aikin nas, da ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da lissafin kuɗi, da kwamfuta. Wanda ya gama kwas ɗin nas ya ci jarrabawar lasisi, albashinsa da na mai jinyar tsofaffi a gida ba a haɗa su.

Shekarar karatu a can kashi biyu ce. Zango na biyu, wanda suke danganta shi da bazararsu, yana farawa ne a ƙarshen Janairu cikin tsananin sanyi da ƙanƙara, ya ƙare a ƙarshen Mayu bayan itatuwa sun yi sabon ganye. To, a duba kalandarmu ta Musulunci. A 2025 azumi ya cinye watan Maris. A 2026 ya faɗo daga bayan tsakiyar Fabrairu zuwa bayan tsakiyar Maris, Babbar Sallah kuma a ƙarshen Mayu, daf da jarrabawar ƙarshen zango. Tun da shekarar wata tana ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya, shekaru masu zuwa za su ƙara tura Layya cikin tsakiyar wannan zango. Ke nan watannin da buƙatunmu na gida suka fi nauyi su ne watannin da yaro ya fi buƙatar a bar shi da littafinsa.

Ga yadda lissafin yake, kuma muna roƙon a karanta shi da natsuwa. Ana auna karatu a can da abin da suke kira kiredit. Takardar shekara biyu tana buƙatar kiredit 60 ko kusa da haka, kwas ɗaya kuma yawanci kiredit 3 ne. Wanda ya ɗauki kwas biyar a kowane zango zai gama cikin shekara biyu. Wanda ya ɗauki biyu kacal, domin ya sami lokacin ƙara awannin aiki ya aiko mana da kuɗi, shekara biyar zai yi, in ma ya kai ƙarshe. Sau da yawa ba ya kaiwa. Aure ya shigo, haihuwa ta shigo, gajiya ta yi nata aikin, sai a wayi gari mutum ya shekara goma sha biyar a bayan sitiyari yana ba da labarin cewa ya taɓa shiga kwaleji.

Abin da zai ba iyaye mamaki shi ne, kuɗin makaranta ba shi ne babban cikas ba. Mazaunin birnin New York da ke cikakken karatu a waɗannan kwalejoji dala 2,400 ake nema daga gare shi a zango ɗaya. Wanda ke da katin zama na dindindin yana da damar cike fom ɗin FAFSA, ya nemi tallafin gwamnatin tarayya mai suna Pell, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara. Jihar New York ma tana da nata tallafin, TAP. Ga mai ƙaramin ƙarfi, waɗannan biyun sukan rufe kuɗin makaranta har a sami rara. A nan ya kamata mu tsaya kan wani ruɗani da ya hana wasu yaranmu masu tsoron Allah cike fom ɗin, wai suna gudun riba. Gudun riba abin yabo ne, amma a bambance. Pell da TAP kyauta ce, ba a biyan su, matuƙar ɗalibi bai watsar da karatu a tsakiyar zango ba. Bashin ɗalibai shi ne mai ruwa, kuma ba a tilasta wa kowa karɓarsa. Ana tayi ne, mai so ya karɓa, wanda ba ya so ya bari. Ƙin kyauta saboda tsoron bashi jahilci ne da ya yi shigar taƙawa.

Akwai kuma wani shiri da muke so kowane uba ya haddace sunansa: ASAP. CUNY ta ƙirƙiro shi a 2007. Ɗalibin da ya shiga ana ba shi katin hawa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta, ana taimaka masa da kuɗin littattafai, in tallafi bai cike kuɗin makaranta ba a yafe masa ragowar, sannan a haɗa shi da mai ba da shawara guda wanda zai riƙa ganinsa a kai a kai, ya san inda ya yi tuntuɓe tun kafin ya faɗi. Wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta bi sawun ɗalibai na shekara uku, ta fitar da sakamako a 2015: kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke cikin shirin sun kammala, waɗanda ba sa ciki kuwa kashi 22. Kusan ninki biyu ke nan. Amma ginshiƙin shirin shi ne cikakken karatu, aƙalla kiredit 12 a zango. Yaron da ke aikin dare shida a mako saboda wayarmu ba ta barinsa ya huta, yaya zai cika wannan sharaɗi? Mu da kanmu muke rufe masa ƙofar, sannan mu zo zaure mu ce ya lalace.

Bayan nauyin da muke ɗorawa, akwai kunya da muka raine su da ita. Mun koya musu cewa ɗan mutunci ba ya miƙa hannu, kuma tarbiyya ce mai kyau a inda ta dace. Sai dai a harabar kwalejin akwai rumbun abinci da ɗalibi zai shiga ya ɗebi shinkafa da taliya da kayan gwangwani ba tare da ya biya ko kwabo ba. Tun 2018 gwamnatin jihar ta sa kwalejojinta su tanadi irin wannan. Akwai ɗakin da ake ƙarin bayani kan lissafi da rubutu kyauta. Akwai masu sauraron damuwar zuci cikin sirri, ga wanda kaɗaici da sanyi da kewar gida suka danne. Akwai ofishin CUNY Citizenship Now! da ke duba matsalar takardun zama ba da kuɗi ba, abin da ya fi a kai wa ɗan damfara a bayan shago. Yaranmu sukan wuce waɗannan ƙofofi da yunwa a cikinsu, don kada wani ɗan Zango ya gan su labari ya iso Kumasi kafin magariba. Kuma gaskiya ne, labarin yakan iso.

Mu da muka tashi a gaban allo mun fi kowa sanin cewa wannan kunyar ba ta da asali a wurinmu. Yaushe ciyar da mai neman ilimi ya zama abin gori? Garuruwanmu sun ginu ne a kan akushin da matan unguwa ke aikawa makaranta. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda har yau malaman Zango ke tinƙaho da shi, a Kano aka haife shi, ya yi yawon neman ilimi, ya zauna Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Krachi, inda ya rasu a 1934. Irin wannan tafiya ba ta yiwuwa sai da masu masauki da masu ciyarwa, kuma babu wanda ya taɓa cewa malaman da suka ci daga hannun jama'a a ƙuruciyarsu sun zubar da girma. Abin da ke rumbun kwalejin nan haƙƙi ne da aka ware wa ɗalibi, daga harajin da shi ma ake cira a albashinsa.

Ko maganar ibada, an yi musu tanadi fiye da yadda suke zato. Dokar ilimi ta jihar New York, sashe na 224-a, ta wajabta wa kwaleji ta ba ɗalibin da ya rasa aji ko jarrabawa saboda addininsa damar ramawa, ba tare da an hukunta shi ba. Abin da ake buƙata kawai ya sanar da malaminsa da wuri. Mai azumin da ya yi shiru har ranar jarrabawa, shi ya cuci kansa.

Sai 'yan matanmu da ake ɗaura wa aure a tura su can. Kwalejojin nan biyu kowacce tana da wurin rainon yara a cikin harabarta domin ɗalibai masu goyo. Wadda Turancinta bai nuna ba, musamman 'yan'uwanmu da suka taso a Lome ko Kwatano da Faransanci, akwai shirin CLIP na koyon harshe, awa 25 a mako da kuɗi kaɗan. Kujeru a wurin rainon ba su da yawa, wadda ta riga neman ita ke samu, kuma watannin bazaran nan ne lokacin neman gurbin zango mai zuwa. Mijin da ya ce matarsa ta zauna a ɗaki hawa na biyar tana kallon bango har yara su girma, ya tuna cewa takardun makarantar yaran nan da na asibitinsu ita za ta riƙa karantawa in yana kan hanya.

Ba mu jahilci halin da ake ciki a gida ba. Sidi ba ta da riƙo, mai gidan haya yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, magani ya yi tsada, kuma akwai gidajen da sai da aka sayar da fili ko aka ci bashi kafin a sayi tikitin jirgin yaron. Uwar da ke jiran kuɗin maganin hawan jini ba da ita muke ba. Wannan wajibi ne a kan ɗa, ko yana aji ko ba ya aji, kuma duk yaron da ya fake da karatu ya bar iyayensa da yunwa ba mu da abin da za mu kare shi da shi. Amma a zauna a tace abin da muke nema tsakani da Allah. Nawa ne na magani da abinci, nawa ne na yayin biki, da gudummawar suna, da canza waya, da tanti da kujerun addu'ar arba'in da ake so su fi na maƙwabta? Nawa ne daga iyaye, nawa ne daga kawu da gwaggo da abokin yayan da ya sami lambar a wurin wani? Kowane ɗaya yana ganin dala hamsin ba komai ba ce. Shi kuwa yaron, dala hamsin awa uku ce a tsaye, kuma mutum goma ne suka bugo a makon.

Shawarar da muke ba gidajen da ke da ɗalibi a can ita ce a yi yarjejeniya a fili, da bakin babba. A yanka abin da zai riƙa aikowa na larura a wata, a sanar da dangi cewa daga nan zuwa shekara biyu duk mai buƙata ya bi ta wurin uba, kada ya bugi yaron kai tsaye. In an kira shi, a tambaye shi kwas nawa ya ɗauka a wannan zango, ko ya cike FAFSA na shekara mai zuwa, ko ya ga mai ba shi shawara. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya yin waɗannan tambayoyi, kuma yaron da ya ji su daga bakin mahaifiyarsa zai fahimci cewa an ba shi izinin ya yi karatu.

Game da rago kuwa, malamanmu na Malikiyya sun riga sun yanke magana. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai takura shi ba, wato wanda ba ya buƙatar kuɗin a larurorinsa na shekara. Ɗalibin da zai ajiye kwas biyu domin ya tara kuɗin ragon da za a ɗaure a ƙofar gida a Aboabo ba ya cikin waɗanda aka nema ta gare su, uban da ba shi da hali shi ma ba ya ciki. Gidan da bai yanka ba bana, maƙwabta za su aiko masa da nama kamar yadda aka saba.