Mu koyi lissafi: turke da akuya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a cikin lissafi akwai lamba mai yawo kamar akuya, akwai mai tsayawa kamar turke.

A ce ka kai hatsi kasuwa, tiya dala 80. Wani ya sayi tiya 2, ya biya dala 160. Wani ya sayi tiya 5, ya biya dala 400. Yawan tiya yana sakewa daga mutum zuwa mutum. Shi ne akuya. Kuɗin tiya kuwa yana nan tsaye ranar. Shi ne turke.

Amma turke ma ana tuge shi a sake mashi wuri. In damana ta faɗi, tiya ta hau dala 120, sai tiya 5 ta zama dala 600.

Wani ɗalibina ya rubuta a littafinsa da kaka: tiya 5, dala 400. Ya hardace. Da damana ya sayar hakanan. Jikka guda ta tafi! Lissafinsa daidai ne, turken ne ya gusa bai duba ba.

Aikin wannan wata: tiya dala 95, nawa ne kuɗin tiya 7? Ku kai amsa wajen malamin ajinku.