Gargaɗi Ga Masu Mota: A Riƙa Duba Ƙafafun Baya

Yau maganarmu a kan ƙafafun bayan mota ce, waɗanda direbobi da yawa ba su kula da su sai sun jawo hasara.

In ka ga mota tana tafiya a karkace kamar kare, ko tayar baya ta cinye ta gefe guda, to, ƙafafun sun goce. Galibi gargada da lodi fiye da kima su ke karya ƙusar tsakiyar sifirin, sai ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun ya zame.

Ga yadda za a gane. A tsai da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai, sitiyari a miƙe. A auna da igiya daga cibiyar ƙafar gaba zuwa ta baya, dama da hagu. In awon ya bambanta, ko da rabin inci ne, sai makaniki ya kwance notocin sifirin, ya sa sabuwar ƙusa, ya mai da ƙarfen gurbinsa, ya ɗaure tam, kana a sake awo.

Kada ƙyashin kuɗin gyara ya sa a yi sakaci. Irin wannan mota takan kauce in an taka burki da ƙarfi, ga kuwa rayukan bayin Allah a ciki. Allah ya kiyashe mu, amin.